Ranar da Aka Tsinci Kuka Biyu

Ranar Talata ce. Na tashi da asuba kamar kullum, na hura wutar banda tun kafin in yi alwala, don kifin karfasa da aka kamo jiya bai gama bushewa ba, ga kasuwar Yelwa tana matsowa. Da na yi sallah sai na ɗauki ruwan ɗumi a buta na hau tudu wurin Inna.

Inna ita ce mahaifiyata. Ƙafafunta sun daɗe da mutuwa. Ɗakinta yana can saman tudu, a gindin kukokin nan biyu da tsibirinmu ya ci sunansu. Mun yi mun yi ta sauko kusa da mu, ta ƙi. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke ɗaura mata zane. Ni ce ɗiyarta ta fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. Kowa Kulu yake kirana, ita kuwa "ke" take cewa. In na yi mata abin da ta ji daɗi, sai ta ƙara mini girma ta ce "ke wagga". A safiyar nan ma da na gama shafa mata man kaɗe a baya, abin da ta ce ke nan: "Ke wagga, kunun jiya ya yi tsami." Na ce to, na yau zai fi. Na ja mata labule na sauko.

Rana ta fito. Maza sun dawo daga duba raga, sun zauna a gindin jirage suna ɗinkin inda kifi ya yaga. Mijina Garba ya rataye rediyonsa a jikin filafili. Kwana da kwanaki magana ɗaya ake yi a cikinsa: wai shugaban wata babbar ƙasa can ƙetare yana so ya haɗiye maƙwabciyarsa, ya mai da ita jiha ɗaya cikin jihohinsa. Mazanmu da ba su taɓa wuce Kontagora ba sun ɗauki maganar nan kamar gonar ubansu ake shirin rabawa.

Garba ya ce, "Ba ta yiwuwa. Akwai doka. Ƙasa ba kifi ba ce da babba zai haɗiye ƙarami. Sai shugaban ƙasar ya yarda, sai mutanenta sun yarda, sai an kafa shaidu."

Sarkin Ruwa Mamman, wanda shi ne babbanmu a tsibirin, ya tofar da zaren da ke bakinsa ya ce, "Su ƙaramar ƙasar ne ba su da wayo. Su zo nan mu koya musu." Aka fashe da dariya. Na ce musu in sun gama raba duniya, itacen banda ya ƙare. Ba wanda ya ko ɗago kai.

Bari in faɗi wayon da Sarkin Ruwa yake nufi, don shi ya kashe mu.

Kuka Biyu ba tsibiri ba ne tun asali. Tudun bayan gari ne inda ake ɗaure awaki. Da aka tare ruwa a Kainji, tafki ya ci garinsu Inna, aka kwashe mutane zuwa sababbin gidaje a gaɓar gabas. Wasu gidaje suka ƙi tafiya, suka hau tudun. Inna tana amarya a lokacin. Ko da na ba ta labarin ƙasar da ake son haɗiyewa, cewa ta yi, "Mu an tambaye mu sa'ad da aka ba ruwa garinmu?" A wurin hukuma, tudun nan yana ƙarƙashin ruwa. Iyakar jiha biyu kuma ta ratsa tsakiyar tafkin, ba wanda ya san ta dama ta bi mu ko ta hagu.

To, sai muka mai da abin sana'a. In ma'aikatan da ke kama raga mai ƙananan ido suka zo daga gabas, sai Sarkin Ruwa ya tare su a bakin ruwa ya ce, "Ranku shi daɗe, ai mu mutanen yamma ne." In na yamma suka zo, ya ce mu na gabas ne. A saka musu giwan ruwa ɗaya a jirgi, su juya. Yaro a Kuka Biyu yana iya wannan amsa kafin ya iya iyo. Lokacin zaɓe kuwa kowa namu ne. Mu karɓi atamfar gabas, mu karɓi sabulun yamma. Ba mu da makaranta, ba mu da ɗakin shan magani, kuma ba mu taɓa nema ba, don wanda ya nema sai ya faɗi na wane ne shi. Muna kama kifin da aka hana kowa kamawa, muna yi wa mutanen gaɓa dariya.

Mun ji labarin mutanen da suka shigo dajin yamma daga wata ƙasa. Mun ji ƙauyukan da suka karɓe. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mu da ke zaune a tsakiyar ruwa ba mu shafa wa namu ko ɗigo ba. Cewa muke, wa zai tsallako tafki saboda hayaƙin banda?

Da hantsi muka ji inji daga yamma. Ba ɗaya ba. Ina gaban banda ina juya kifi. Na leƙa, na ga jirage uku a jere. Na san jiragen, na wasu masunta ne na waccan gaɓa, amma waɗanda ke ciki ba su ba ne masu su. Ba su rage gudu ba har sai da hancin jiragen ya hau yashi.

Harbin farko sama aka yi. Tsuntsayen da ke kan kuka suka tashi gaba ɗaya.

"Kowa filin masallaci!"

"Maza nan, mata can!"

"A ajiye waya! A ajiye!"

Wasunsu ba su jin Hausa, da bakin bindiga suke magana. Wasu suka bi jiragenmu ɗaya bayan ɗaya suna kwance injuna, suna tarawa a kan yashi. Ɗiyata Safiya ta fito da goyonta a baya, na kama hannunta. Na dubi tudu. Labulen Inna yana nan yadda na bar shi. Na ce a raina, gara haka, kada su san da ita.

Babbansu bai kai Garba shekaru ba. Rigarsa fara fes, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hausarsa ta wani wuri ce, ba tamu ba. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaya wa ke da gari. Sarkin Ruwa ya fito, yana gyara hula.

"Ku mutanen wace hukuma ne?"

Wallahi na ga bakin Sarkin Ruwa yana motsi kafin magana ta fito, yana auna gabas, yana auna yamma. Ya san waɗannan ba su son hukuma ko wace iri. Sai ya ɗauko amsar da yake gani ta fi duka tsira. Ya ce, "Ranka shi daɗe, mu ba na kowa ba ne. Gabas ba ta san mu ba, yamma ba ta san mu ba. Wanga tsibiri ba shi cikin ƙasar kowa."

Mutumin ya yi murmushi. Ya ce haka suka ji, amma sun so su ji daga bakin mai gari. Ya juya ga mutanensa, ya juyo gare mu. Ya ce mu shaida, ba su ƙwace daga hannun kowa ba. Ƙasar da ba mai ita, ta wanda ya tsince ta ce. Daga yau Kuka Biyu yanki ne na ƙasarsu, mu kuma talakawansu ne. Ba mai fita sai da izini. Kifi kashi uku, ɗaya nasu.

Sannan ya ce su ba sa zalunci. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu.

Bindigogi suna kewaye da mu. Hannuwa suka fara tashi, na maza tukuna, sannan namu. Na ɗaga nawa. Safiya ta ɗaga nata. Na hango Garba a cikin maza, hannunsa a sama, idonsa a ƙasa. Shugaba ya yarda, mutane sun yarda, ga shaidu. Duk abin da ya lissafa da safe an cika shi tun rana ba ta take ba.

Liman ne kaɗai bai ɗaga ba. Tsoho ne, kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma tun da nake ban taɓa jin ya yi musu da kowa ba. Ya dogara sandarsa ya ce, "Ɗana, ko akuya aka tsinta, shari'a cewa ta yi a yi cigiya."

Ƙarar ba ta yi yawa ba. Kamar an fasa busasshen itace a gwiwa. Liman ya zauna, sannan ya kwanta a gefen da ba ya ji.

Daga nan ban san wanda ya fara gudu ba. Mata suka ɓarke da ihu. Filin ya watse. Harbi ya tashi ta ko'ina, wanda ke shiga ruwa yana cewa cul, wanda ke samun kwano yana cewa kwal. Rumfar da muke ajiye raga ta kama wuta, warin robar ya cika wuri. Wata maƙwabciyata ta faɗi a gabana, na tsallake ta. Ban tsaya na ga ko da rai ba.

Garba ya cim mana a bayan banduna. Akwai wani tsohon kwalekwale a can da mu mata muke ɗebo itace da shi. Ba shi da inji, yana yoyo, shi ya sa ba su ƙidaya shi jirgi ba. Garba ya tura shi ruwa, ya ɗaga Safiya ya saka. Ni kuwa na riga na juya na nufi tudu. Ya fizgo ni.

"Shiga!"

"Inna fa?"

"Shiga, Kulu! Wa zai tuƙa? Safiya na da goyo! Ki laɓe cikin ciyawa, ni zan sauko da Inna!"

Na shiga. Na yi ta tuna wannan shigar. Amma a lokacin ba tunani a ciki, hannuna ne kawai ya kama filafili.

Akwai doguwar ciyawar ruwa a gabashin tsibirin, ta fi mutum tsawo in yana zaune a jirgi. Na kutsa cikinta na tsaya. Daga nan ana ganin tudu sarai. Na ga Garba ya hau da gudu, ya tsaya a ƙofar Inna, ya cire takalmi, sannan ya shiga. Takalmi! Gari yana cin wuta, shi yana cire takalmi a ƙofar surukarsa.

Na ce yanzu zai fito. Bai fito ba.

Harbi ya lafa, ya koma ɗaya-ɗaya. Rana ta take. Lokacin azahar ya yi, ba a kira sallah ba. Tun da aka haife ni a tsibirin nan ban taɓa jin azahar ta wuce shiru ba. Ruwa yana shigowa ta ƙasan kwalekwale, Safiya tana kwarfewa da ƙwarya a hankali don kada a ji. Ni ina zagin Garba a zuciyata. Me yake yi? Hira suke? Tsohuwar da ba ta kai nauyin buhun gero ba, mene ne abin daɗewa?

Sai na ga mutum biyu sun hau tudun da baƙin ƙyalle. Ɗaya ya hau kuka, ɗaya yana miƙa masa. A daidai lokacin Garba ya fito da Inna a bayansa. Ta rufe fuskarta da mayafi. Ya yi taku kaɗan, na ƙasan ya juyo ya nuna shi da bindiga. Ban ji abin da ya ce ba. Na dai ga Garba ya tsaya, ya juya, ya koma ɗakin da ita.

Na zauna. Safiya tana ce mini, "Mu tafi," ina cewa bari tukuna. Inuwar ciyawa ta juya gabas. Wajen la'asar jaririn ya farka ya tsala kuka. Ta cusa masa nono, ya ƙi. Muka ji an tayar da inji a bakin yashi.

"Ga wasu can! Ku tsaya!"

Ban tsaya ba. Na soka filafili na fito fili. Harsashi ya faɗa ruwa a damanmu, wani a gabanmu. Safiya ta kwanta a kan ɗanta. Jirginsu ya biyo mu, ciyawa ta naɗe masa farfela, injin ya yi tari ya mutu. Na ji suna zage-zage da wani harshe. Ban waiwaya ba. Na yi ta tuƙi har fatar tafin hannuna ta saɓule, filafili ya yi santsi. Rana tana bayana. Sa'ad da hancin kwalekwale ya taɓa laka a kusa da Wara, ana kiran magariba.

Mutanen gaɓa sun yi mana kirki, ba zan ci amanarsu ba. Su da muke yi wa dariya su suka ba mu tabarma da tuwo. Wasu daga cikinmu sun iso da iyo, wasu a kan ganga. Na bi su ɗaya-ɗaya ina tambaya. Ba wanda ya ga Inna, ba wanda ya ga Garba.

Washegari na tafi ofishin hukuma na gaɓar gabas. Abu ɗaya na je nema: a ba da jirgi da masu tsaro a ɗauko mutanenmu, ko tsofaffi kawai. Mutumin da na samu ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa. Ya shimfiɗa taswira a tebur, ya bi ta da yatsa, ya ce, "Mama, nan wurin ruwa ne. Babu tsibiri."

Na ce, "To ni daga ina na fito? Kifi ce ni?"

Ya dube ni da kyau. Sai ya ce ai ya san wurin. Yana saurayi ya taɓa zuwa duba raga. Ya ce, "Ku da bakinku kuka ce mana ku mutanen yamma ne. Har giwan ruwa kuka ba mu."

Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa jin haushin gaskiya kamar ranar nan ba.

Na sayar da 'yan kunnena na hau mota, na zagaya tafkin ta kan gadar dam har gaɓar yamma. Can ma kujera, can ma ruwa. Suka ce sun ji labari, Allah ya kyauta, amma a saninsu mu mutanen gabas ne, mai garinmu ya sha faɗa musu. Na je wurin masu bindigar hukuma. Suka ce a shirye suke, amma sai an ba su umarni, umarni kuma sai an san hurumin wa aka taka. Na ce hurumin uwata aka taka. Wani ƙaraminsu ya sunkuyar da kai. Babban ya ce in yi haƙuri, an kafa kwamitin da zai duba iyaka.

Kwamiti! Inna tana kwance a gefe ɗaya ba mai juya ta, su suna neman igiyar awon ruwa.

Abin da ke cina ke nan dare da rana. Na san jikinta. In ta wuni a gefe ɗaya, bayanta yana yin ja. In ta kwana biyu, ya fashe. Kuma na san halinta. Tun da Garba ya aure ni ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. In ta ji sallamarsa sai ta ja mayafi. Wa zai wanke ta? Wa zai kai ta bayan ɗaki?

Na nemi jirgi da kaina. Duk mai injin da na tunkara sai ya ce, "Yaya Kulu, ina da 'ya'ya." Wani ya ji tausayina ya ɗauke ni. Mun kai inda kukokin suka fito sosai, har ina ganin baƙin ƙyallen yana kaɗawa, sai ga jirginsu ya fito daga bayan tsibirin. Mutumin da ya ɗauko ni ya juya kan jirgi da ƙarfi har na faɗi. Na zage shi tas, na ce da shi matsoraci, na ce in mijina ne da bai juya ba. Ya ci gaba da tuƙinsa. Da muka sauka na ba shi haƙuri, don shi kaɗai ne ya kai ni ko rabin hanya.

A gidan da aka sauke mu akwai rediyo. Maganar ƙasar can ƙetare ba ta ƙare ba. Mutanen ƙaramar ƙasar sun fito kan titi sun ce ba su yarda ba. Shugabansu ya ce bai yarda ba. Wasu ƙasashe sun tsaya musu. Masana doka suna ta bayani, wai ba a karɓar ƙasa da ƙarfi, wai yardar da aka samu da tsoro ba yarda ba ce. Na ce madalla, ku zo ku faɗa wa mai farar rigar nan. Ba na yi musu baƙin ciki, wallahi. Amma su ko hannu ba a ɗora musu ba tukuna, duniya ta cika da ihu. Mu an haɗiye mu da rana tsaka, an goge baki, ba wanda ya ce an ɗauki nasa. Wata rana na tashi na kashe rediyon, alhali ba nawa ba ne. Matar gidan ta bi ni da kallo.

Sarkin Ruwa ma ya tsere daga baya, an ce cikin kwandon kifi aka fito da shi. Na same shi zaune a bakin kasuwa, ya rame, hular nan ta yi masa yawa. Na taho da maganganu cike da baki. Tun a mota nake shirya su. Da ya gan ni sai ya ce, "Kulu, ban san wata amsa ba. Ita na gada." Na tsaya a kansa. Na tuna atamfar gabas da na ɗaura, da sabulun yamma da na yi wanka da shi. Na ce Allah ya ba mu haƙuri, na wuce.

Kullum da safe ina zuwa bakin ruwa. In gari ya yi garau ana hango kukokin kamar yatsu biyu. Haka na yi ta yi har ruwa ya fara cikowa, ya rufe lakar da muka sauka a kanta.

Wata safiya masunta suka dawo da mutum kwance a jirgi, rungume da jarka. Sun tsince shi a tsakiyar tafki yana shawagi. Sai da na matso na gane Garba ne. Gemunsa ya yi fari. Shi kaɗai ne.

Ban tambaye shi a bakin ruwa ba. Na kai shi gida, na ba shi kunu, na jira ya shanye. Shi ya fara.

Ya ce ranar nan da ya shiga ya durƙusa ya ce, Inna, a yi haƙuri a hau bayana, gari ba lafiya. Ta juya fuska bango ta ce suruki ba ya goya ta, a kira mata ni. Ya ce ina jirgi ina jira. Ta ce to in zo. Ya roƙe ta da Allah, ya roƙe ta da Annabi. Ta ce ta haifi ɗiya, ba ta rasa mai ɗaukarta ba. Da ya ga lokaci yana tafiya sai ya ce ta yafe masa, ya sungume ta. Ba ta yi gardama ba, mayafi kawai ta ja. Sauran na gani da idona.

Bayan haka aka sa su kamun kifi, da mai bindiga a kowane jirgi. In ya dawo sai ya dama kunu ya ajiye a bakin ƙofa, ya juya baya har ta sha. Wata tsohuwa, Gwamma, wadda ita ma ba ta iya gudu ba, ita ke rarrafowa ta juya ta in ta samu ƙarfi. Ba kullum take samu ba. Kowace safiya Inna tana tambaya ta bayan labule, "Jirgin gabas ya zo?" Ya ce tukuna. Daga baya ta daina tambaya. Daga baya kunun ma ya riƙa samunsa yadda ya ajiye.

Ya ce ranar ƙarshe yana zaune a waje bayan la'asar, ya ji ta yi magana. Ya matsa jikin labule.

Na ce, "Mi ta ce?"

Ya ce, "Sunanki ta kira. Ba Kulu ba. Hauwa'u ta ce. Sau biyu."

Gwamma ce ta wanke ta. Garba da wasu tsofaffi biyu suka haƙa mata a gindin kuka, ƙarƙashin ƙyallen mutanen nan, don babu wani wurin da ruwa ba ya kaiwa. Ba liman, Garba ne ya ja sallah. Bayan sadakar uku ya ɗauki jarka ya faɗa ruwa.

Yanzu muna zaune a bayan Yelwa. Ina banda kifin wasu, ana biyana da yini. Garba bai sake sayen rediyo ba. Safiya ta koma wurin dangin mijinta a Shanga, yaron har ya fara tafiya. Kwamitin iyaka, an ce, yana nan yana zama.

Mun rasa Liman. Mun rasa maƙwabciyata da na tsallake, da wasu da ba a ga gawarsu ba. Mun rasa jirgi da raga da banduna huɗu da na gina da hannuna. Mun rasa Inna.

Rannan muna zaune da Garba bayan cin abinci, na ce ya faɗa mini sunan yadda ta faɗe shi, ko ta ja shi ne, ko ta datse shi kamar in tana fushi. Ya gyara murya, ya gwada. Na ce ya sake. Ya sake.

Ban taɓa jin sa a bakinta ba, ba ni da abin da zan kwatanta shi da shi.